Ganau da Jiyau: Tarihin Shaidar Ji Daga Madina Zuwa Adar da Gobir

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai ji, Mai gani, wanda ba ya bukatar a kai masa labari. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi na Madawa da Buza da Keita, da duk inda muryarmu ta kai, darasinmu a wanga zama yana kan abin da mutum ya ji bai gani ba: mene ne matsayinsa a shari'a, yaya magabata suka yi da shi, kuma yaya muke yi da shi yau. Mun zaɓi wanga babi cikin azumi domin mai azumi yakan kame cikinsa daga alfijir zuwa faɗuwar rana, amma ya saki kunnensa da harshensa suna kiwo cikin mutuncin jama'a.

Tun kafin mu buɗe littafi, harshenmu na Hausa ya riga ya raba mana mutum biyu, ganau da jiyau. Ganau shi ne wanda abu ya auku a gaban idonsa, jiyau kuwa shi ne wanda aka kawo wa. In mutum ya ce “da idona na gani”, ya ɗauki nauyin maganar a wuyansa. In ya ce “in ji wane”, ya nuna mana ƙofar da za mu je mu yi sallama mu tambaya. In ya ce “an ce”, ya ɓoye mai maganar. In kuwa ya ce “wai”, to ya wanke hannunsa ne, shi kansa bai gaskata ba, amma ga shi yana yaɗawa. Ɓarnar a hanya take aukuwa. Magana takan fito daga bakin farko da “wai”, a baki na biyu ta koma “an ce”, kafin ta kai baki na biyar “wai” da “an ce” duk sun zube, ta zama “ai kowa ya sani”.

Darussan Madina

Al'ummar farko ta ɗanɗani ɗacin wannan abu. A shekara ta 5 ko ta 6 bayan Hijira, a kan hanyar komawa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ, Uwar Muminai Nana A'isha, Allah shi yarda da ita, ta tsaya neman sarƙar wuyanta, ayari ya tafi ya bar ta, Safwanu ɗan Mu'aɗɗal ya iske ta ya kawo ta bisa raƙuminsa. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu ya ƙulla ƙazafi. Babu mutum ɗaya da ya ga wani abu, amma Madina ta yi wata guda cikin baƙin ciki, har Allah ya saukar da ayoyin Suratun Nur ya wanke ta. Abin lura a nan shi ne, waɗanda aka yi wa bulala 80 ta haddin ƙazafi har da muminai na ƙwarai, waɗanda laifinsu kawai sun ji sun maimaita. Faɗin “ni ma ji na yi” bai kuɓutar da kowa ba.

Bayan ƴan shekaru sai aka sake wani darasi a kan wannan ƙabila. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya aiki Walidu ɗan Uƙba karɓo zakkar Banul Musɗaliƙ. Suka fito tarbonsa, shi kuwa ya tsorata ya juya, ya ce sun hana zakka suna nufinsa da sharri. Saura kaɗan a tura runduna a kan Musulmi masu salla. Da aka bincika sai aka tarar mutanen suna nan kan Musuluncinsu. Mafi yawan malaman tafsiri sun ce a kan haka ne aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta sauka, wadda ta wajabta bincike kafin a yi aiki da labari.

Halifofi suka riƙe wannan tafarki. Wata kaka ta zo wa Sayyidina Abubakar tana neman gadonta, Mugira ɗan Shu'uba ya ce ya halarci Manzon Allah ya ba kaka sudusi. Abubakar ya nemi wani mai shaida, Muhammadu ɗan Maslama ya tashi ya ƙarfafa, sa'an nan ya zartar. Haka Sayyidina Umar ya yi wa Abu Musal Ash'ari a kan hadisin neman izini sau uku, sai da Abu Sa'idil Khudri ya zo ya shaida. Ba tuhumar waɗannan sahabbai suke yi ba, suna koya wa al'umma ne cewa magana mai nauyi ana neman mata madogara. Daga nan ilimin isnadi ya tsiro, har malaman hadisi suka riƙa bambanta “na ji” da “ya ba mu labari” da “daga wane”, suna bin tarihin kowane mai ruwaya. Imamu Muslim ya sanya babi a gabatarwar Sahihinsa kan hanin ba da labarin duk abin da aka ji.

Ji ma yana da daraja

Kada mai saurare ya fahimci cewa shari'a ta jefar da ji gaba ɗaya. Addinin nan da kansa ta hanyar ji ya iso gare mu. An ruwaito cewa Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya zo Madina ya yi muhawara da Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179, a kan girman sa'i, wato ma'aunin da muke fitar da zakkar fidda kai da shi. Sai mutanen Madina suka kawo sa'o'in da suka gada, kowa yana cewa na ubansa ne daga kakansa, da shi ake fitar da zakka tun zamanin Manzon Allah. Abu Yusuf ya bar ra'ayinsa ya koma ga nasu. Haka ma gonakin da sahabbai suka yi hubusi da su a Madina, na baya daga na gaba suka san su.

Saboda haka malaman mazhabarmu suka kasa ji kashi uku. Na farko tawaturi, labarin da jama'a mai yawa suka ɗauko daga jama'a mai yawa har ƙarya ba ta yiwuwa, kamar sanin akwai Makka ga wanda bai taɓa zuwa ba. Na biyu istifala, labarin da ya watsu har zuciya ta natsu da shi, kamar sanin Nafi'u bararren bawan Ibnu Umar ne. Da irin wannan ake tabbatar da ganin wata in jama'a mai yawa suka gani, in ba haka ba sai da adilai biyu. Na uku shi ne wanda alƙalai ke kira shaidar ji, shahadatus sama'i, kuma a kansa ne littattafan da muka karanta a zaure suka yi bayani, musamman Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa a Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 829.

Sifarta ita ce shaidu su ce ba su gushe ba suna ji daga amintattu da waninsu cewa gonar nan ta gidan wane ce, ko filin nan hubusin masallaci ne, ko wane ɗan wane ne, ko wance matar wane ce. An karɓe ta saboda larura, domin ganau yana mutuwa amma haƙƙi ba ya mutuwa. Sai dai an ɗaure ta da sharuɗɗa. Dole labarin ya zama ya watsu, ba daga bakin mutum guda ko gida guda ya fito ba. Dole masu shaidar su zama adilai biyu ko fiye. A sha'anin mulki da hubusi dole zamani ya yi tsawo, wasu malamai suka ce shekara 20, wasu suka ce 40. Dole wanda aka yi shaidar dominsa ya yi rantsuwa. Kuma dole babu abin tuhuma. Misalin da malamai ke bayarwa shi ne mutum biyu su ce sun ji, alhali a garin akwai sa'anninsu ɗari da ba su taɓa ji ba. Wannan ba a karɓa.

Akwai ƙa'ida guda da muke so kowa ya riƙe: a sha'anin dukiya, shaidar ji tana amfanar wanda abu ke hannunsa yana aiki da shi tun da daɗewa, ba a ƙwace abu daga hannun mai riƙe da shi da ita. Tsaro take yi, ba ta kai hari. Haka kuma malamanmu suka karɓe ta a kan cutar da miji ke yi wa matarsa, domin bugun cikin ɗaki ba shi da ganau. In ya watsu a bakin mata da maƙwabta cewa wane yana azabtar da iyalinsa, alƙali yana iya raba auren. Ku dubi inda shari'a ta buɗe wa ji ƙofa, za ku ga wurin kare mai rauni ne da tsare tsohon haƙƙi.

Yadda ilimin ya iso ƙasarmu

Ƙasar nan tamu ba baƙuwa ba ce a wanga fanni. A ƙarni na 18 Allah ya ba Adar Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ƙabarinsa ke ƙasar Madawa. Ya yi aikin hajji sau biyu, ya zauna a Misira gaban Shehu Murtala Zabidi, mai Tajul Arus, wanda ya rasu a 1205 ta Hijira, daidai da 1791, ya karɓi ijaza daga gare shi. Daga Malam Jibrilu ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, da ƙanensa Abdullahi suka karɓi ijazozi. Ijaza kuwa ba komai ba ce face jerin “in ji wane” wanda babu sunan da ya faɗi a cikinsa, daga almajiri har zuwa mai littafi. Duk da girman da Shehu ke ba malaminsa, da ya ji fatawarsa ta kafirta masu manyan zunubai bai karɓa ba, ya auna ta da maganar Ahlus Sunna, ya saɓa masa cikin ladabi. In maganar malami irin Jibrilu ana auna ta, ina ga maganar bakin kasuwa?

Da Faransawa suka kafa bariki a Tawa da Madawa a farkon ƙarni na 20, sai shari'a ta koma gaban kwamanda, wanda ba ya jin Hausa, ba ya jin Buzanci, ba ya jin Fillanci. Mai ƙara ya faɗa wa tafinta, tafinta ya faɗa wa kwamanda, hukunci ya komo ta bakin tafinta. Mai yanke hukunci da kansa ya zama jiyau, kuma isnadinsa mutum guda ne wanda babu mai binciken adalcinsa. Daga nan mutane suka koyi cewa wanda ya riga kai magana ga kunnen mai iko shi ke da nasara, kuma wannan ɗabi'a ba ta tafi tare da masu ita ba a 1960.

Gona da “an ce”

Babu inda ji ya yi aiki a ƙasarmu kamar sha'anin gona. Shugaba Saini Kunce, Allah shi jiƙansa, ya hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974. A jawabinsa na 18 ga Disamba na wannan shekara ya bayyana cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ta zo masa. Nufinsa kashe rigingimun gona da kare talaka. Amma maganar jawabi ce, baki ya ɗauke ta daga rediyo zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa ƙauye, kowa yana ƙara mata abin da ya dace da shi. Wanda aka ba aro ya ce an ce gona ta mai noma ce. Wanda ke riƙe da jingina ya ce haka. Masu gonaki suka tsorata, suka daina ba da aro, wasu suka karɓe wadda suka bayar. Bayan rasuwarsa a watan Nuwamba 1987 tsofaffin ƙararraki suka farka. A fiƙihu kuwa hukuncin a bayyane yake. Baƙon da ya riƙe ƙasa shekara 10 yana aiki da ita kamar tasa, mai ita yana nan yana gani, bai yi magana ba, babu abin da ya hana shi, to ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Amma aro da jingina amana ce, tsawon shekaru ba ya mai da su mulki.

Mutanen Keita sun ga wani fannin. A 1984, shekarar yunwar da ake kira El-Buhari, aka soma babban aikin raya ƙasa da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Jama'a, mafi yawansu mata, suka ɗauki duwatsu a ka, aka tare ruwa, aka dasa itatuwa, fako ya koma gona. Ƙasar da a da babu mai waiwayarta sai ta sami masu cewa sun ji ta kakansu ce. Wasu gaskiya suka faɗa, kuma dattawan gari sun san haka. Wasu kuwa jin nasu bai girmi aikin ba. Nan ne ma'aunin malamai ke da amfani: tun yaushe ake faɗin haka, su wa suka ji, kuma don me sa'anninka ba su ji ba?

Ranar 2 ga Maris 1993 gwamnati ta fitar da dokar ƙasar noma da kiwo. A cikinta an yarda cewa gonar gado tana tabbata ga mai ita in sanin jama'ar wurin ya ƙarfafa hakan, kuma an daidaita mulkin gargajiya da na takarda. Wannan kusa yake da shaidar ji ta littattafanmu. Dokar ta kuma kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo, masu ba da takardar saye da kyauta da aro da jingina. Muna kira ga jama'a su yi amfani da su. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Dattawan da suka san iyakokin gonaki da burtali da mashaya suna ƙarewa, kowace shekara muna yi wa wasu salla. A rubuta abin da suka sani tun suna raye.

Matar matafiyi

Ƴaƴan Adar da Gobir mutanen bida ne, suna Abijan, suna Legas, suna Libiya, suna Aljeriya. Sau da yawa labari yakan zo cewa wane ya rasu a hamada ko a kurkuku. Shari'a ta karɓi shaidar ji a kan mutuwar nesa, amma a gaban alƙali, da sharuɗɗan da muka ambata. Malamai sun bambanta mata biyu. Wadda mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi ta kai ƙara, aka bincika, aka yanka mata shekara 4 in akwai abin ciyar da ita daga dukiyarsa, ta yi idda wata 4 da kwana 10, ta yi aure, mijin na biyu ya tare da ita, to ko na farko ya komo ta kuɓuce masa. In babu abin ciyarwa tana da haƙƙin neman rabuwa ba sai ta jira wannan tsawo ba. Amma wadda aka kawo wa labarin mutuwa kawai, ta yi takaba ta yi aure babu tabbaci gaban hukuma, in na farko ya bayyana matarsa ce, ko da ta haihu a gidan na biyu. Ku dubi gida nawa “an ce” guda ke iya rushewa. Waliyyai da masu ɗaurin aure su ji tsoron Allah a nan.

Jini

Mafi muni shi ne in ji ya kai ga jini. Ranar 1 ga Nuwamba 2016, a Bangi ta ƙasar Madawa, ɓarnar dabbobi a gona ta zama faɗa tsakanin manoma da makiyaya. Hukuma ta bayyana mutuwar mutum 18, fiye da 40 suka ji rauni, aka ƙone gidaje. Allah shi jiƙan waɗanda suka rasu, shi kiyaye mu da sake ganin irinta. A kowace fitina irin wagga, waɗanda suka ga farkon abin ba su da yawa. Sauran kururuwa suke ji su ɗauki makami, su faɗa wa wanda suka iske, ba wanda ya yi laifi ba. Haka makiyayi yakan ji an ce an saki gonaki alhali hukuma ba ta sanar ba, manomi yakan ji an ce an cinye gonarsa alhali bai je ya duba ba.

Ku sani, a mazhabarmu ko labarin kisa ya watsu a gari duka, iyakarsa ya zama lausi, wato alama mai ƙarfafa zato. Ba a kashe kowa da shi sai an je gaban alƙali, magadan jini sun yi rantsuwa 50 a kan mutum ayyananne, kuma hukuma ce ke zartarwa. Babu littafin da ya halatta wa taron jama'a su ɗauki fansa a kan ƙabila, ko a kan mace da yaro da ke cikin bukka.

Abin da ya rage gare mu

In muka duba tarihin nan za mu ga mun juya al'amarin. Inda shari'a ta karɓi ji, wato tsohon haƙƙin maraya da gwauruwa da filin masallaci da burtali, nan muke cewa ina takarda. Inda ta tsananta kuwa, wato mutunci da aure da jini, nan muke aiki da “wai”. Yanzu ga salula a kowane aljihu, saƙon murya yana zuwa ta WhatsApp ba suna ba gari ba rana, mutum ya tura wa mutum ɗari kafin ya gama saurare. Malaman hadisi suna mayar da ruwaya saboda mutum guda da ba a sani ba a cikin isnadi, wannan kuwa isnadinsa duka ba a sani ba. Danna yatsa magana ce, kuma mala'iku suna rubutawa.

Saboda haka, ya ku bayin Allah, in labari ya zo muku ku yi masa tambaya uku: wa ya gani, wa ya ji daga wanda ya gani, kuma wa zai cutu in ƙarya ne. In an kira ku shaida, ku raba abin da kuka gani da abin da kuka ji, ku faɗi kowanne da sunansa, domin mai da “na ji” ya koma “na gani” shaidar zur ce, tana cikin mafi girman zunubai. In kuwa maganar ta shafi mutuncin Musulmi kuma babu wanda za a tserar da faɗinta, to ta mutu a kunnenku. Wanda ya riga ya yaɗa abin da bai tabbatar ba, ga watan tuba, ya koma inda ya faɗa ya warware, ya nemi gafarar mai haƙƙi kafin ranar da kunne da ido da zuciya za su sha tambaya.

Allah shi tsare harsunanmu daga ƙarya, shi tsare kunnuwanmu daga gulma, shi ba sarakunanmu da alƙalanmu basirar bincike, shi zaunar da ƙasarmu lafiya tsakanin manomi da makiyayi, shi karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Allah shi ne mafi sani.